Wayar da Manaja Ya Zare

Ni ce da bakina na ce wa Manaja ya zare wayar lantarkin duk injin da ya ga dama.

Kamfaninmu na haɗa fasinja da direban tasi ne ta wayar salula, kuma tun fil azal kwamfuta ɗaya ke ɗauke da komai, wata ƙatuwa da muke kira Dattijo. In Dattijo ya yi tari, gari ya tsaya. Ni da Gajere, abokin aikina, muka raba wa injina biyar aikin Dattijo. Ɗaya ce shugaba, tana ta aika wa saura "ina nan, ina nan". In suka ji shiru, sai su zaɓi wata, kuma ba a rubuta komai sai mafi rinjaye sun amince.

Manaja bai yarda ba, sai an yi gwaji a gabansa. Ya ce in gwajin ya faɗi, za a koma wa Dattijo, mu kuma mu koma amsa koke-koken fasinjoji.

Ranar gwaji, da hantsi, muka cika ɗakin injina mai sanyin tsiya. Ni kuwa murna ta hana ni tsayuwa wuri ɗaya, sai dariya nake ba dalili.

"Wacce ce shugabar?" in ji Manaja.

"Ta tsakiya, Yallaɓai. Zare kawai!"

Ya zare. Allon bango da ke nuna lafiyar injinan ya yi ɗif, baƙi ƙirin.

Gajere ya dafe kai, ya matso kunnena. "Yaya, allon nan a kan wace inji muka ɗora shi?"

Wayyo ni! A kan ta tsakiya. Mun raba komai gida biyar, ban da idon da za mu ga ko rabon ya yi aiki. Duk da haka dariyar banza ta ƙi sakina.

"Sauran huɗun na raye, Yallaɓai, wallahi!"

"Nuna mini."

Da me zan nuna? Manaja ya girgiza kai, ya ɗauko wayarsa yana latse-latse. Ya ce da rabon ya taka da ƙafa zuwa gida, tunda mun kashe masa kamfani, amma bari ya gwada kiran tasi don mu ga aika-aikarmu da idonmu.

Muka zuba wa wayarsa ido.

Can wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, direba ne. Ina bakin ƙofa, farar mota. Ka fito mana, an hana tsayawa a nan!"

Gajere ya kurma ihu, ya haye kujera. Ni kuwa na durƙushe ina dariya har da hawaye. Manaja ya dubi wayar lantarkin da ke hannunsa, ya dubi baƙin allo. A waje direba sai danna hon yake.

"To ku ce masa ya jira," in ji shi, yana miƙa hannu wajen inji ta biyu. "Bari in zare wata."