Tirelar Baba Tana Fizgewa Hagu

Auta ta dire akwatin kwamfutar a kan teburin shagon, ta ɗora sitiyarin wasan a gefensa, sannan ta tsaya tana mayar da numfashi. Hawa biyu ta hau da kayan nan a rungume, a ginin da kowane shago ke sayar da abu iri ɗaya, kowane mai shago kuma yana rantsuwa nasa ne na asali. Mutum uku suka tare ta a matattakala, ba ta kula ko ɗaya ba. Wata abokiyar aikinta ta riga ta kwatanta mata shagon ƙarshe a lungun dama, na wani mai gilashi da ake kira Injiniya.

"Sannu da ƙoƙari, Malama," in ji Injiniya, yana ture wata buɗaɗɗiyar kwamfuta gefe. "Me ke damunta?"

"Tsufa. Kayan ciki nake so a canza mata."

Ta zaro takarda daga jaka. Auta malamar lissafi ce, ba ta zuwa kasuwa da ka. Mako biyu ta yi tana kallon bidiyon masu bayani a waya, har ta ja layuka da rula ta jera katin girafik, wato mai fitar da hoto a allo, guda uku, kowanne da ƙarfinsa da yawan fankarsa, ga ram, ma'ajiyar da kwamfuta ke aiki da ita, a ƙasa. Ita da a watan jiya ba ta san kwamfuta na da fanka ba, yanzu ko ɗalibanta maza ba sa ja da ita.

Injiniya ya karanta takardar tsaf, ya kwance murfin akwatin, ya ɗauko abin awo.

"Wannan mai fanka uku da kika ja wa layi biyu, ya fi akwatin tsawo da yatsa uku. Ko mun cusa shi da ƙarfi, fawar nan ba za ta iya ba shi wutar da yake ci ba. Ram ɗin da kika rubuta kuma sabon yayi ne, ba zai zauna a gurbin wannan tsohon madabod, faifan da komai ke zaune a kansa, ba."

Kunya ta kama Auta, irin wadda takan gani a fuskar ɗalibin da ya yi aiki mai tsafta amma amsar ta kuskure.

"To a canza duka."

"Irin maganar da muke son ji ke nan," ya ce yana dariya. "Amma wane wasa ake yi da ita?"

"Na tuƙin tirela. A ɗauki kaya a wani gari a kai wani."

Ya leƙo ta ta saman gilashinsa. "Wannan ai ba shi da ci. Me take yi in ana wasan?"

"Sarƙewa. Ana cikin tafiya sai motar ta fizge hagu ta daki ƙarfen gefen titi. Mahaifina ne ke tuƙawa. Ya ce hoton ne ke tsayawa, kafin ya dawo an yi karo."

Shekara talatin da huɗu Baba ya yi yana jan tirela ta gaske, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma mutumin bai dawo ba. Wata biyar yana zaune a falo yana kallon bango, in an gaishe shi ya ɗaga kai, shi ke nan. Ranar da Auta ta kunna tsohuwar kwamfutar da yayanta ya bari, ta ɗaure sitiyarin a tebur don ta ga ko yana aiki, sai ta ji murya a bayanta: "Ba haka ake shiga kwana da kaya ba." Tun daga ranar Baba ke aske gemu da safe, ya sa hula, ya zauna ya ɗauki lodi. Ba ya wuce sittin, ba ya ƙetare danja, yana yi wa ƙananan motocin cikin allon faɗa kamar suna jinsa.

Sai ga wannan karon da ya addabe shi. Ranar Talata ya kife da lodin katako, ya cire hular ya ce in ba za a gyara ta ba a ɗauke ta daga falon. Kwana huɗu ke nan bai taɓa ta ba, jiya kuma bai yi aski ba. Abin da Auta ke tsoro ke nan, tsoro na gaske, kada ya koma kallon bango.

"Kafin a sayi magani bari mu ga mara lafiyar," in ji Injiniya.

Ya haɗa wayoyi, ya ɗaure sitiyarin, ya kunna wasan. Ya danna wani abu, wata lamba ta fito a kusurwar allon.

"Kin ga wannan? Yawan hoton da take fitarwa ne a daƙiƙa ɗaya. In ta sarƙe, zai faɗo."

Ya ja motar ya fita gari. Ya hau babban titi, ya sa aka yi ruwan sama, ya kutsa cikin cunkoso. Lambar tana kan sittin kamar an kafe ta da ƙusa. Ya tashi ya ba Auta kujerar. Ta tuƙa minti goma, tuƙi marar kyau, amma motar ba ta fizge ko'ina ba sai inda ta kai ta da kanta.

"Wataƙila sai ta yi zafi," ta ce.

"Wataƙila." Ya juya sukundireba a hannu. "Hagu kika ce? Kullum hagu?"

"Kullum."

"Allah ya sa dai Baba lafiyarsa ƙalau."

Kofin shayi Auta ta tuna, yadda Baba ya daina riƙe shi da hagu, da yadda yake cusa hannun a ƙarƙashin cinyarsa in baƙi sun zo. Ta sani. Tun kafin ta ja layin farko a takardar nan ta sani, ta dai fi son laifin ya zama na abin da ake kwancewa da sukundireba. Idonta ya cika, haushin kanta ya kama ta, ga ta a shagon mutane.

Injiniya ya juya ya shiga gyara kwalayen da ba su da abin gyarawa, har sai da ta share fuska.

"Ga kati nan, Malama, akwai mai fanka biyu da zai shiga akwatin, fawar ma za ta ɗauke shi. In kin ce a sa, yanzu zan sa. Bishiyoyi za su ƙara kyau, ruwan sama zai yi sheƙi. Amma motar za ta ci gaba da fizgewa."

"Kuma sannan ba sauran abin da zai ɗora wa laifi," ta ce a hankali.

"Shi ke nan fa."

Ta dubi katin a cikin kwalinsa mai ƙyalli. Ta yi tunanin ta mayar da kwamfutar yadda take, ta ce kayan ba su iso ba. Mako nawa wannan zai saya mata? Biyu? Baba ba yaro ba ne.

"Akwai wata dabara," in ji Injiniya, "amma ba ta sayarwa ba ce, shi ya sa ba na son faɗa." Ya shiga wani shafi na wasan mai cike da layuka. "Ana iya sassauta tsakiyar sitiyarin, yadda ɗan motsi kaɗan ba zai kai ga taya ba. A kuma ƙara masa nauyi, hannu ya samu abin jingina. In hannun ya zabura, motar ba za ta ji ba, sai an juya da niyya."

Ya gyara, ya gwada. Ya riƙa fizgar sitiyarin kaɗan-kaɗan da hannun hagu yana kallon titi, ya ƙara, ya rage, ya sake gwadawa. Ya fi rabin awa a kan abin da ba zai kawo masa komai ba.

"Ram ɗin fa?" in ji Auta. "Akwai wanda zai zauna?"

"Akwai irin nata. Giga takwas gare ta, a ƙara takwas. Gari zai riƙa buɗewa da sauri, iyakarta ke nan."

"A sa. Ba na iya yi masa ƙarya. In ya tambaya, ina so in ce an ƙara wani abu, kuma ya zama an ƙara."

Injiniya ya zaro na cikin ya duba lambarsa, ya nemo ɗan'uwansa daidai, ya danna su biyun har suka yi ƙas. Ya hure ƙurar fanka, ya mayar da murfi.

"Kada dai maƙwabtana su ji mai neman kati ta shigo ta fita da ram ɗaya. Sai su kore ni daga ginin."

Da la'asar ta isa gida. Baba yana falo, farin gemu ya fara tsirowa a haɓa. Yana zaune yana kallonta har ta gama haɗawa. Sai da injin motar ya yi gurnani a lasifika sannan ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa daga kan kujera.

Ya ɗauki lodin siminti. Auta ta tsaya a bayansa, idonta ba a kan allon ba, a kan hannun hagun. Suna hawa babban titi ta ga hannun ya zabura. Motar ba ta ko girgiza ba. Ya sake zabura a kan gada, motar ta wuce sumul. Minti arba'in Baba bai yi wa kowa faɗa ba. Ya shiga harabar sauke kaya, ya yi baya da tirelar sau ɗaya tak, ta zauna a tsakiyar layi. Ya kashe injin.

"Me aka canza?"

"Ram aka ƙara, Baba. Takwas ne, yanzu sha shida."

Ya gyaɗa kai. Ya sa yatsu biyu na dama ya kaɗa sitiyarin hagu da dama, kaɗan-kaɗan, yana kallon tayoyin da ba su motsa ba.

"Ram ba ya sa sitiyari nauyi, Auta."

Auta ta kafe shi da ido. Jira take ya cire hular.

Baba ya ɗaga hannun hagun daga kan sitiyarin, ya riƙe shi a gaban fuskarsa. Yatsun suna rawa, a fili, bai ɓoye su ba. Ya daɗe yana kallonsu.

"Wanda ya yi aikin nan ya san mota," ya ce. "In kin samu lokaci ki koma, ki ce ya ƙara nauyin kaɗan. Rawar hannun nan ta fi yadda kuke zato."

Ya mayar da shi kan sitiyarin, ya shiga duba jerin lodi yana neman mai nisa.