Giɓi a Katangar Tudur

…kuma ga shi nan a buɗe, ƙiri-ƙiri, kamar bakin da haƙoran gaba suka zube. Giɓi a tsakiyar katangar garkuwa, daidai mashigin rafi. Kai, Tudur? Kai da ba ka taɓa barin faɗin ɗan yatsa tsakanin sojanka da ɗan'uwansa ba? Ka jera su haka, ka ce bari ka haɗo mana shayi, ka bar ni ni kaɗai da teburi, wai in gani in yi murna. Ni za ka raina wa hankali?

Tun gashinmu yana baƙi muke wannan wasan yaƙi na 'yan sojojin dalma a kan teburi a zauren cocin Harlech, kowace Asabar — kai da rundunarka ta ƙabilar Saksawa, ni da mahayan kakannina na Wales — sau nawa na ci ka? Ina afkawa, katangarka tana watsa ni, kai kana dariyar nan taka mai kama da tarin akuya. "Emlyn, doki ba ya cin garkuwa, sai yaushe za ka yi hankali?" In kwashe gawawwakina in zuba a akwati, in tafi gida, in dawo. Na taɓa roƙonka sassauci? Ko sau ɗaya?

Nesta ce ta tona. Matata ce, na san bakinta, ba ya riƙe ko ruwan sanyi. Na ce mata maganar asibiti ta tsaya tsakaninmu, ta ce to, kuma na rantse kafin rana ta faɗi ta kai wa matarka a kantin burodi… Farin ɗaki, likita yarinya sa'ar jikata, tana juyo mini allo. "Ciwon dajin ya yaɗu, Mista Prosser." Ruwa yana dukan taga, ni kuwa abin da ya faɗo mini — abin kunya — mahayan nan da ban gama yi wa fentin alkyabba ba. Ya yaɗu. To, sai me? Ya yaɗu har cikin dayis ɗin da nake jefawa a wasa ne?

Haka aka yi wa tsoho Gwilym, abokin wasanmu, a shekararsa ta ƙarshe. Kowa ya zo ya bari da gangan ya ci shi, yana tafi yana washe baki, jama'a suna kallon silin. A hanyar gida wa ya ce wannan binne mutum ne da ransa? Kai ka faɗa. Da bakinka, kana tuƙi.

Mutanen nan da nake ɓata idona ina zana musu garkuwa, sun hau dawaki suna sane ba kowa zai dawo ba, laka har gwiwa, masu a gaba kamar ƙaya. Wane Basakshe ne ya matsar da garkuwarsa ya ce shigo abinka, mutumina, na ji ba ka da lafiya? Mutuncinsu ke nan, an tsaya an kashe su da gaske. Ni ma abin da nake nema ke nan, ba yawa. Ka ci ni, ɗan banza! Ka yi mini kaca-kaca kamar kullum, in san har yanzu da sauran wanda yake ganin na isa a yaƙe ni.

Amma tef ɗin awo yana hannuna — yaushe na ɗauko shi? Na auna. Suna isa. Mahayana suna isa mashigin, har da rara, su ɓulle ta bayan Tudur, su kama sarkin nan nasa mai jan gemu da ya daɗe yana mini kallon banza… Kai, zuciya munafuka ce. Tana so. A'a. In tura sojojinsa in toshe giɓin da kaina? Ba a taɓa sojan wani, ko yaro ya san wannan. Bari dai ya shigo. Zan faɗa masa a gaban kowa, ya tattara tausayinsa ya kai wa —

Ga shi. Hannu rabbana. Ina shayin? Ya tsaya a bakin teburi yana shafa aljihu, yana kallon filin kamar wanda ya sauka a tashar da ba tasa ba. Yana kallon giɓin, tsaf, idonsa a kai… babu komai a fuskar. Ba kunya, ba wayo. Tudur bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ja suke yi, kuma ga su nan fari fat.

"Emlyn," murya ƙasa-ƙasa, kada na teburin kusa su ji, "masu jar garkuwar nan… nawa ne, ko naka?"

Shi ya fente su. Ɗaya bayan ɗaya, damina guda.

Ashe Nesta ba ta faɗa ba. Ashe ba ni ake tausaya wa ba, shi ne mantuwa ta fara kama shi… Tun yaushe? Matarsa ta sani? Yana murmushi, yana jira, ya tura mini dayis. Idan na afka, na ci mutumin da bai san sojojinsa ba. Idan na kauce wa giɓin, na fara binne shi ke nan, ni, da hannuna.

"Naka ne, tsoho."

"To, yi mana. Kai ake jira."

Ni ake jira…