Masarar Buba

"Akwai wanda yake bin Buba bashi?" in ji Liman, gawa tana gabanmu cikin makara.

Alhaji Adamu mai shagon taki ya yi gyaran murya. "Akwai, Malam. Gidan hayarsa yana hannuna jingina."

Ni dai ban yi mamaki ba, don a gidan nake ɗinki, kuma a gabana aka ƙulla maganar.

Buba ɗan sarin hatsi ne a nan Dangora. Da kaka ya je banki neman jari, suka tambaye shi takardar albashi. Ya dawo yana dariya har da riƙe ciki. "Uzairu, wai albashi! Ni da ko sau ɗaya ba a taɓa ce mini yallaɓai ba." Washegari ya jinginar wa Alhaji gidan, ɗaki huɗu da shagona, ya cika sito da masara. Sharaɗin, in damina ta tsaya bai biya ba, gida ya tafi.

"Baba Buba, gidan nan fa shi ke ciyar da iyalinka, Inna Kaltume da yara," na ce.

"Kai dai ɗinka wandonka. Masara ba ta cin amanar mai haƙuri."

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Da na je dubiya ya kama hannuna, murya ta shaƙe amma bakin yana nan. "Ko na tafi, kada a buɗe siton nan sai ruwa ya sauka."

To, ga shi ya tafi, farashi kuwa yana ƙasa. Liman ya ce ba zai sallaci mai bashi ba sai wani ya ɗauka. 'Yan'uwa suka fara ƙus-ƙus, wai a sayar da masarar gobe. Wallahi raina ya ɓaci! A sayar yanzu ai ba za ta biya ba, sai a rasa masara a rasa gida.

"Na ɗauka," na ce.

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa. "Kai tela? Da me?"

"Da kekena, Alhaji, da maganar mai gidan."

Liman ya ɗaga hannu ya yi kabbara.

Na sha surutu, har matata sai da ta ce na haukace. Ban taɓa ƙofar siton ba sai da ruwa ya sauka, motoci suka fara zuwa neman masara, farashi ya tashi. Muka sayar, na kai wa Alhaji kuɗinsa har gida, na dawo na yi sallama da Inna Kaltume.

"Inna, gida ya dawo."

Ta shiga ɗaki ta fito da bututun ƙarfen da Buba yake soka wa buhu ya duba hatsi, ta miƙo mini. Da na karkata shi, ƙwayar masara biyu suka faɗo a tafina.