Kalma Sai da Shaidu Biyu

Shekara talatin da ɗaya kakana Seshagiri Rao ya yi yana cike kacici-kacicin kalmomin Ingilishi na jaridar Lahadi, bai taɓa barin ko ɗaya daga ƙananan gidajen da ake rubuta haruffa a ciki babu harafi ba. Ko a makon da kakata ta rasu sai da ya kammala shi, ya yanke shafin da almakashi, ya jefa a akwatin gidan waya ranar Alhamis kamar yadda ya saba. Da idanunsa suka mutu bara, sai aikin ya rabu biyu: shi ke da kai, ni ke da ido da hannu. Na dawo garinmu Mysuru da digiri biyu a adabi ba tare da aikin yi ba, saboda haka babu wanda ya tsaya tambayata ko ina so.

Gwaggona Vasudha ta daɗe tana son a rufe gidan, ta ɗauke shi zuwa birnin Bengaluru, inda ta tanadar masa ɗaki a hawa na goma sha ɗaya. Amsa ɗaya ya ba ta, a gabana: "Ido ne ya tafi, kai yana nan. Ranar da kika ji na kasa kammala na Lahadi, turo mota, ba zan yi miki gardama ba." Tun daga nan take bugo waya kowace Alhamis da ƙarfe biyar. Ajja, kamar yadda muke kiransa, ba ya ƙarya ko da a kan gishirin miya ne, kuma ta san haka.

Dokokinsa uku ne. Da tawada ake rubutu, domin jaridar ba ta karɓar shafin da aka goge ko aka kankare. Ƙamus na tabbatarwa ne, ba a farauta a cikinsa. Ta uku ita ce babba. Kowace tambaya rabi biyu ce a dunƙule, rabi yana faɗin ma'anar kalmar, rabi yana nuna yadda za a gina ta harafi bayan harafi. Ajja yana kiran su shaidu biyu, kuma kalma ba ta shiga gidajenta sai dukansu sun amsa.

Wannan Lahadin mai shirya tambayoyin ya tashi da mugunta. Muna baranda tun ƙarfe bakwai, kofi yana hucewa a kofunan ƙarfe, ina karantawa yana tsamo kalmomin da ban taɓa cin karo da su ba a shekara biyar na jami'a: sunan wani ma'aunin yadi da aka daina amfani da shi, da wani ciwon kofaton doki, da wata kalmar mutanen Scotland mai nufin ɗan rafi. Ina rubutawa ina jin kamar akawun da aka ɗauko haya.

Da ya shiga wanka sai na tsaya a kan tambaya ta goma, cikin waɗanda ake rubuta amsarsu a tsaye. Tsuntsu ake nema, harafi bakwai, muna da uku daga ciki. Wani suna ya faɗo mini, na gwada, ya zauna daram. Hannuna ya riga hankalina, na rubuta.

"Ajja, ta goma a tsaye ta faɗi," na ce da ya fito, na faɗa masa kalmar.

Ya tsaya da tawul a kafaɗa. "Kai da kanka? Mai digiri biyu ya haihu bayan shekara guda yana naƙuda. Shaidun fa?"

"Duka biyun sun amsa."

Ya buɗe baki zai ce in bayyana, sai mai sayar da furanni ta yi kira a ƙofa, maganar ta bi iska. Na ga murmushi a gefen bakinsa, irin wanda ban samu ba ranar da na kawo masa takardar digirina.

Zuwa Litinin da hantsi kalma ɗaya ta rage, ta sha huɗu a kwance, harafi tara, wadda ta ratsa tsuntsuna a gidanta na uku. Ajja ya ɗaga kai sama, leɓunansa suna motsi, sannan ya faɗi wata kalma, sunan wata igiya a jirgin ruwa na zamanin da.

"Ba ta shiga ba," na ce. "Akwai K a gida na uku."

"K?"

"K, Ajja."

"To, ba ita ba ce." Ya share ta da hannu kamar mai korar ƙuda. "Sake karanto mini tambayar."

Na karanta ta sau goma sha ɗaya a ranar. Na karanta a hankali, na karanta da sauri, na faɗi inda waƙafi yake. Ya juya ta ta kowace fuska, ya warware kalmomin ya sake ɗinke su, ya nemi koguna da sarakuna da sassan coci. Da rana ya ture shinkafarsa da kindirmo, ya ce an cika gishiri, alhali ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Talata da azahar, yana barci, na koma kan tsuntsuna na nemi shaida na biyu. Awa guda na yi ban same shi ba. Ma'ana ta yarda, amma ginin ya ƙi, ko ta ina na ɓullo masa sai harafi biyu su yi saura a hannuna. Na rufe jaridar na zauna. Na san abin da ya kamata in yi, kuma nisansa bai wuce taku shida zuwa ƙofar ɗakinsa ba.

Ban je ba. Na gaya wa kaina cewa tawada ba ta goguwa, faɗar ba za ta gyara komai ba. Na gaya wa kaina cewa wataƙila shaidan yana nan, ni ne ban iya ganinsa ba. Waɗannan su ne dalilan da na yarda in duba. Akwai wani a ƙarƙashinsu wanda na fi ƙyama: kalma ɗaya tak na saka a shafin nan cikin shekara guda, kuma ban shirya mayar da murmushin da aka biya ni da shi ba. Akwai ma wani a ƙarƙashin wannan, wanda ya ce idan mota ta zo, ni ma na huta da zaman baranda. Wannan na ƙarshe ban san ko nawa ba ne ko kuwa zargin kai ne ya ƙirƙiro shi, har yau ban warware ba.

Laraba ta fi kowace rana muni. Ya daina yi mini ba'a, abin da ya fi zagi ciwo. Can da la'asar ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Sudhanva, ɗauko babban ƙamus. Bi duk kalma mai harafi tara da K a na uku."

"Ajja, ai ba a farauta a ƙamus."

"Na san wanda ya kafa dokar. Ɗauko."

Na ɗauko, na yi ta karanto masa kalmomin da na san babu amsa a cikinsu, yana girgiza kai ga kowacce. Mun kai awa biyu a haka. Makogwarona ya bushe, haushin mai shirya tambayoyin ya cika ni, da na jaridar, da na Turawan da suka tafi suka bar mana wannan wahala, da na kowa in ban da wanda ya cancanta.

Ranar Alhamis da safe bai nemi a karanta masa komai ba. Ya sha kofinsa, ya ajiye, ya ce, "Hau kujera ka sauko mini da akwatin tafiyar nan na ƙarfe da ke kan kabad. A duba ko makullinsa yana aiki."

"Akwai sauran lokaci, sai ƙarfe huɗu ake kwashe wasiƙu."

"Kwana uku ina zagaya kalma ɗaya kamar saniyar da aka ɗaure a turke. Da can irin wannan kafin kofi ya huce na gama da ita. Vasudha ta fi ni gaskiya, kai ma yana mutuwa, sai dai shi ba ya sallama." Ya shafa hannun kujerarsa. "Ƙamusoshin naka ne. Can hawa na sha ɗaya babu wurin ajiye su."

Na hau kujerar, na kama akwatin, ƙura ta zubo mini a fuska. A nan tsaye, ina kallon bango, na faɗa, domin ban iya faɗa ina kallonsa ba.

"Ajja, tsuntsun nan shaida ɗaya gare shi."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Talata."

"Sauko. Karanto mini ta goma a tsaye."

Na sauko da akwatin, na karanta sau ɗaya. Bai kai minti guda ba ya faɗi sunan wani tsuntsun dabam, ya jero yadda aka gina shi, harafi bayan harafi, babu saura. Inda na sa K, D ce. Igiyar jirginsa ta ranar Litinin ta shiga gidajenta tara kamar don ita aka haƙa su.

"Ta zo mini da ƙafarta, na kore ta," ya ce. "Na zargi mai tambaya, na zargi kunnena, na zargi ƙwaƙwalwata. Harafin ne kaɗai ban zarga ba, saboda naka ne."

Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ajiye shi, za ka buƙace shi nan gaba. Wannan shafin ya lalace. Nemo wani."

Neman jaridar Lahadi ranar Alhamis ba ƙaramin aiki ba ne. Mai sayarwa ya mayar da ragowarsa, maƙwabta biyu sun cike nasu rabi da rabi sun watsar. Sai wajen ƙarfe biyu na tuna da Mahadeva mai guga, wanda ke tara tsofaffin jaridun unguwa yana naɗe tufafin mutane a ciki. Na same shi a ƙarƙashin bishiyarsa yana hura gawayin dutsen guga.

"Ranka ya daɗe, aiki kake nema a jaridar da ta kwana huɗu?" ya ce. "Ai an riga an ɗauki wani."

Na durƙusa na tona tarin har na samo shafin, gefensa ya ɗan ƙone, gidajensa fes. Mahadeva ya karɓa ya bi ta kansa da dutsen guga sau biyu, ya miƙo mini da ɗuminsa.

Ajja bai bari na kwafa daga tsohon shafin ba. Kalma ashirin da takwas ya faɗo daga kansa, bi da bi, kuma kafin in rubuta kowacce sai na kawo masa shaidunta biyu da bakina. Inda na yi tuntuɓe sai ya bar ni ina lalube, agogon bango yana tafiya. Ƙarfe huɗu saura minti bakwai na liƙa kan sarki, na ruga, na tarar da ma'aikacin gidan waya yana buɗe akwatin wasiƙu.

Bayan na dawo, ƙarfe biyar na cika wayar tana hannunsa, Vasudha ce a layi.

"An kammala," yake cewa. "A'a, lafiyata lau. Hannuna ne ya yi ciwo kwana biyu, amma ya fara warkewa." Ya saurara kaɗan. "Ki bar motarki inda take."

Ya ajiye wayar, ya miƙo tafin hannunsa wajen da yake jin numfashina. Na ɗauka hannuna yake nema, har na matsa.

"Alƙalamin," ya ce.

Na ba shi. Ya laluba aljihun rigarsa ya soke shi a ciki.

"Ranar Lahadi za ka roƙe shi sau ashirin da takwas. Mayar da akwatin ƙarfen nan inda ka ɗauko shi."