Yini na Biyu a Malahi

Abdulghani ya fifita lilo a kan ubansa. Maganar ke nan, babu kwalliyar da za a yi mata.

Ma'aikaci ne a wani kamfanin sauke kaya a Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda, yana zaune a unguwar Safa da matarsa Zakiya da yaransu, Nayef da Joud. Tun da hutun makaranta ya kusanto ya duƙufa kan binciken malahi, wato wuraren wasan nan masu lilo da jirgin da ke kifa mutum ƙasa da tafkunan wanka, waɗanda ake kama ɗaki a kwana a ciki. Bai taɓa zuwa ko ɗaya ba, amma ya kalli bidiyonsu har ya zama malami. In aka zauna shan shayi a wurin aiki, shi ke ba da fatawa. Na Turkiyya layi ya yi musu yawa. Na Malesiya akwai nisa, kuma ruwan sama yana iya cinye wa mutum yini. Dubai ya zaɓa, ya kuma yanke cewa ƙaramin malahi yini ɗaya ya ishe shi, na dabbobi ma haka, amma babban duk wanda ya ce ya gama shi a ƙasa da yini biyu, leƙe ya yi.

"Kowane wuri da haƙƙinsa," in ji shi. "In ba za ka ba shi lokacinsa ba, zauna a gida."

Ubansa Malam Jabiru yana unguwar Kurayyat, nan cikin Jidda, a gidan 'yarsa Mubina da mijinta Zaharadden, ƙafafu a kumbure, numfashi sama-sama. Ta tashar nan ya sauka yana saurayi don aikin Hajji, ya tsaya ya yi dako har bayansa ya lanƙwashe, da kuɗin dakon kuma Abdulghani ya yi karatu. Amma in ɗan ya zo gaisuwa ba ya kashe mota. Yakan bar ta tana diri a bakin lungu, ya durƙusa rabi, ya tambayi jiki, ya duba agogo. Shayin da Mubina take zuba masa, ita take shanye shi bayan ya huce.

Ana gobe tafiya ya zo sallama. Tsohon ya tambaye shi kwana nawa za su yi, ya ce huɗu, ya shiga yi masa bayanin rabon kwanakin. Malam Jabiru ya saurara, sannan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ni ma wata ɗaya na ce wa uwata zan yi," ya ce. "Zauna mana, ɗan nan. Ko ƙaya ce a tabarmar?"

Abdulghani ya ce yara suna mota. Da gaske suna motar, bai ko shigo da su ba.

Dubai ta yi masa daidai yadda ya tsara, abin da ya fi komai yi masa daɗi ke nan. A rana ta uku suna cikin babban malahi, sun gama ɓangaren gabas, Mubina ta kira. Ta ce tun safe Baba bai haɗiyi komai ba, likita ya duba shi ya girgiza kai.

"Yaya, ka taho yau. Ba gobe ba."

Zakiya tana jin haka ta ce yalla, maza a haɗa kaya. Abdulghani ya duba waya, ya ga jiragen Jidda iri-iri da kujeru a buɗe. Sai ya ɗaga kai ya hango ɓangaren yamma, inda jirgin ruwan nan mai faɗowa daga sama yake, wanda ya yi wata biyu yana ba abokan aiki labarinsa. Ya tuna bara ma haka aka tayar masa da hankali, tsohon ya miƙe ya ci tuwo. Ya tuna bakinsa da ya ce mai yini ɗaya leƙe ya yi. Ya kira Mubina ya ce babu kujera sai jibi da safe. Zakiya ta dube shi, ta kau da kai.

Washegari ya kwashi yaran, ita ta ce kanta na ciwo. Saboda wasan ruwa ya kulle wayarsa a akwatin ajiya, kuma a ransa ya san ba ruwa kaɗai yake ɓoye wa wayar ba. Ya hau jirgin sau biyu. Ya yi ihu kamar yaro. Zakiya ta sami kira daga gida, ta zo ƙofar malahin tana nemansa, amma wa zai ga mutum ɗaya a cikin wannan taro? Sai dab da magariba ya buɗe akwatin, ya tarar da kiran Zaharadden jere a kan juna. Malam Jabiru ya cika da hantsi, an yi masa salla bayan la'asar, an kai shi. A Jidda ba a ajiye gawa don jiran mai yawon shaƙatawa.

Ya iso Kurayyat ya tarar an jera kujerun ta'aziyya a lungu. Tsofaffin 'yan dako, abokan ubansa, suka ba shi hannu da ƙyar. Ya shiga wurin Mubina yana kuka, ita kuwa hawayenta sun ƙare. Ta ce masa tun da ta kira shi, duk motar da ta tsaya a bakin lungu ba a kashe ta ba, sai Baba ya ce ga Abdulghani nan, a yi sauri a buɗe ƙofa kada ya tafi. Ta buɗe ƙofar har ta gaji.

Ya tambaye ta inda aka sa shi. Ta ce ita mace ce, ba ta shiga maƙabarta ba, ya tambayi waɗanda suka ɗauki makara.

Ya samu Zaharadden a waje yana zuba wa baƙi gahawa. Zakiya ta riga ta gaya wa Mubina zancen kujerun jirgi, don ta ce ba za ta ɗauki wannan ƙarya tare da shi ba.

"Abu Nayef," in ji Zaharadden, bai ko ajiye butar ba, "kai da ka san lungunan Dubai tun ba ka je ba? Je ka nemo. Ka ba wurin lokacinsa."

Tsofaffin ma kowa ya ce idonsa ba ya gani sosai.

Ya je maƙabarta shi kaɗai. A nan ba a rubuta suna a kan kabari, dutse ne a kai, dutse a ƙafa, kowanne kamar ɗan'uwansa. Mai gadi ya nuna masa ɓangaren da aka yi aiki a makon, fili ne mai faɗi, ya koma inuwa. Wannan karon Abdulghani ya kashe mota. Ya yi ta zagaye a rana yana sallama ga duwatsu.

Zaharadden bai sauko ba, Mubina ba ta roƙa masa ba. Har yau Abdulghani bai san kabarin ubansa ba.