Igiyar Ƙarshe ta Gidan Barau

Kyashi ne laifin Barau, kuma a bakinsa ya fito, domin mai kyashi ba ya iya kame harshe.

A Gagarawa Tasha da ƙauyukan kewaye, in mace ta yi yaji, Barau ake nema ya je biko. Ya san inda ake durƙusawa, ya san lokacin da ake ambaton 'ya'ya har uwar mace ta yi laushi. Da wannan ake girmama shi, ba shi da wani abin taƙama bayansa.

Sai Sharifa, 'yar maƙwabcinsa, ta shiga karatun digiri na biyu a kan sasanta ma'aurata da iyali. Aka turo ta aikin horo a wata cibiya a Gumel, ƙarƙashin wata malama mai duba aikinta. Tun ana dariya har ma'aurata suka fara hawa mota suna tafiya can, su shiga ɗaki a rufe ƙofa. Zauren Barau ya fara yin shiru.

Yarinyar kuwa ba ta raina shi ba. In ta zo gida Juma'a sai ta durƙusa a zaurensa tana tambayarsa yadda ake biko a da, don binciken da take rubutawa. Ran nan ya ce, "Ke Sharifa, su wa da wa ke zuwa wurin naki?"

"Baba, abin da aka fara koya mana ke nan. Ko sunan mutum ba ya fita daga ɗakin."

"Ni ma? Ni da na yi miki huɗuba?"

"Ko Iya ban faɗa wa ba, Baba."

Ya yi dariya, amma abin ya tsaya masa a rai.

Barau yana da 'ya, Ummukulsum, tana auren Haladu mai sayar da raƙuma a Maigatari. Sau biyu Haladu ya sake ta ana maidawa, saura igiya ɗaya. Kwanan nan gidan ya lafa, Barau yana ta cewa faɗan da ya yi wa 'yarsa ne ya kama. Bai san su biyun suna zuwa Gumel wurin Sharifa a ɓoye ba. Matsalarsu irin wadda namiji ba ya faɗa wa suruki ce, ko za a yanka shi.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, Barau yana zaune a rumfar dillalai, Haladu na can gefe kansa a sunkuye kamar yadda suruki ke yi. Wani dillali, Cindo, ya tsokane shi.

"Sarkin biko, an ce 'yar boko ta yi maka ritaya. Ka sayi tunkiya ka kama kiwo mana."

Rumfa ta ɗauki dariya. Barau ya gyara hula.

"Wa ya yi wa wa ritaya? Ku tambayi mutanen Tasha ina take zama duk Juma'a. Duk abin da aka faɗa mata a ɗakin nan, a zaurena ake warware shi. Mutum ya shiga ya yi ta kuka, ya tona abin da ke tsakaninsa da matarsa, ni kuwa ina jinsa tas. Akwai waɗanda nake haɗuwa da su a kasuwar nan, ina kallonsu kawai."

Ƙarya ce tsagwaronta, amma an sha ganin Sharifa a zaurensa, sai ƙaryar ta zauna daram. Barau bai lura da lokacin da Haladu ya tashi ya bar takalminsa ɗaya a bakin tabarma ba.

Washegari da hantsi Ummukulsum ta sauka daga mota da ƙullin kayanta, ba goyo, ba yaro a hannu.

"Yaji kuma?" in ji Barau. "Shiga ciki, zai aiko."

"Ba mai aikowa, Baba. Ya cika ta uku. Ya ce ni da kai muka haɗa baki, na ja shi Gumel don ka ji asirinsa. Na rantse masa har na gaji. Ya ce da kunnensa ya ji ka."

"Ke, ni ban san kuna zuwa ba! Magana ce kawai ta rumfa."

"To je ka faɗa masa."

Ya je. Haladu ya ƙi fitowa. Da ya fito ma ba abin da zai gyaru, saki uku ba shi da biko, kuma duk ƙasar Gumel ba wanda ya fi Barau sanin haka.

Da maganar ta kai cibiyar, malamar Sharifa ta yi bincike ta wanke ta, amma saboda tsegumin aka mai da ita garin Sule Tankarkar ta ƙarasa horonta. Ba ta sake taka zauren ba.

Ga abin da Barau ya rasa. Auren 'yarsa ya mutu mutuwar da ba komawa. Jikokinsa biyu suna Maigatari wurin kakarsu, sai dai ya hango su ranar kasuwa. Maƙwabcinsa na shekara da shekaru ya daina amsa masa sallama. Biko kuwa, tun daga ranar ba wanda ya sake aiko masa, domin wanda ya yarda da maganarsa ya ɗauke shi mai tona asiri, wanda bai yarda ba ya san maƙaryaci ne.