Tabarmar Baba Maidin

"Ɗauke wannan abin daga nan," in ji Alhaji Hudu, yana ture tabarmar da ɗan yatsan ƙafa.

Muna ɗakin wankan gawa na masallaci, an gama yi wa Baba Maidin sutura. Maƙwabcina ne, ƙofa da ƙofa, shekara huɗu. Ɗansa ya ajiye shi a nan garin Greensboro ya tafi can birnin Seattle, sai waya.

"Alhaji, wasiyyarsa ce. Ya ce a shimfiɗe shi a kanta kafin a kai shi."

"Kai Garzali, dubi rubutun da ke jiki, duk a nannaɗe kamar tana. Rubutun masu bautar saniya ne. A kansa za mu ɗora Musulmi?"

"Sunansa ne da na matarsa, Sulaiha."

"Ka iya karantawa? Kai da ko makarantar hayis skul ba ka ƙarasa ba?"

Aka yi dariya, ga mamaci kwance.

Na iya. Ranar duk da na bar wani aiki na dawo ina huci, tsohon zai ba ni shayi mai zaƙin tsiya, ya warware tabarmar, ya ɗora yatsana kan baƙaƙen. Garinsu Pattamadai, ya ce, ko filin ƙwallo mutanensa ba za su cika ba. Ciyawar bakin kogi suke jiƙawa, su tsaga ta siririya kamar gashi. Wata uku ya yi yana saƙa wannan saboda aurensa. Tana ninkuwa kamar mayafi. Shekara huɗu yana sahun gaba tare da Alhaji, ba wanda ya taɓa tambayarsa sunan garinsu. Ba'indiye kawai.

"Idan ban iya ba, ku kun iya ne, Alhaji?"

"Fitsararre! Je ka jawo mota."

Na ninke tabarmar na cusa cikin jaket. Ni ne direban motar ɗaukar gawa ranar. Na warware ta a kan makarar da ke cikin motar, na lulluɓe da farin zane, sannan na buɗe ƙofar baya. Alhaji da kansa ya kama wajen kai, suka kwantar da shi suna salati.

A maƙabarta, da aka ɗaga shi, zanen ya zame. Alhaji ya ga jan bakin tabarmar, ya dube ni. Ban sunkuyar da kai ba.

Da kowa ya watse na koma mota. Shatin kafaɗun Baba Maidin na nan a kan tabarmar, daidai saman sunan Sulaiha.